Lardin Sakkwato A Jamhuriya Ta Farko: Yadda Aka Mulki Tambuwal Da Kebbe

Duk wanda ya tashi daga Tambuwal a yau ya nufi kasuwar Jega, kafin ya isa ya bar Jihar Sakkwato ya shiga Jihar Kebbi. Haka kuma mutumin Kebbe da ya nufi Gummi, tafiya kaɗan zai yi ya tarar da kansa cikin Jihar Zamfara, ƙarƙashin wani gwamna dabam, da wata majalisar dokoki dabam. Amma a shekarar 1963 babu ko ɗaya daga cikin waɗannan iyakoki. Tambuwal da Kebbe da Jega da Gummi duk cikin lardi ɗaya suke, watau Lardin Sakkwato, ɗaya daga cikin larduna 13 na Jihar Arewa.

Jamhuriya ta Farko ba ta yi tsawon rai ba. An kafa ta ran 1 ga watan Oktoba, 1963, sa'ad da Nijeriya ta daina ɗaukar Sarauniyar Ingila a matsayin shugabar ƙasa, aka rantsar da Dokta Nnamdi Azikiwe. Ta faɗi ran 15 ga watan Janairu, 1966. Shekara biyu ke nan da wata uku da mako biyu. To, amma a cikin wannan ɗan lokaci ne, tare da 'yan shekarun da suka gabace shi, aka yi gwagwarmayar da ta yanke hukunci a kan wanda zai riƙi talakan karkara: Sarki da En'e tasa, ko kuwa zaɓaɓɓiyar gwamnati da ke Kaduna. Lardi shi ne fagen da aka yi wannan kokawa.

ASALIN LARDIN

Turawa suka ƙirƙiro lardi, amma ba su suka ƙirƙiro ƙasar da aka ɗora shi a kai ba. Tun wajen 1812 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya raba kula da daula tsakanin ɗansa Muhammadu Bello a gabas da ƙanensa Malam Abdullahi a yamma, abin da daga baya ya zama Sakkwato da Gwandu. Kudancin Sakkwato kuwa an damƙa shi ga 'ya'ya da almajiran Shehu don su tsare hanya, su zaunar da jama'a. Gidan sarautar Tambuwal yana danganta kansa ne da Muhammadu Buhari ɗan Shehu, kamar yadda gidan Sarkin Kabin Yabo yake komawa ga Muhammadu Moyijo, ɗaya daga cikin manyan Fulanin da suka taimaki jihadi tun farkonsa.

Ran 15 ga watan Maris, 1903, sojojin Ingila suka ci birnin Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas, ya yi shahada a Burmi cikin watan Yuli na wannan shekara. Lugga ya naɗa Manjo Burdon ya zama Razdan, daga nan aka fara abin da ake kira Lardin Sakkwato. Iyakokinsa sun yi ta motsi a shekarun farko, musamman ta arewa, inda Ingila da Faransa suka yi ta ja-in-ja har suka daidaita a yarjejeniyoyin 1904 da 1906. Kafin zuwan mulkin kai, lardin ya tsaya a kan En'e guda huɗu: Sakkwato, da Gwandu mai hedkwata a Birnin Kebbi, da Argungu, da Yawuri.

Girmansa ya kai murabba'in mil 36,477. Ya yi iyaka da Jamhuriyar Nijar ta arewa, da Dahomey, wadda ake kira Benin tun 1975, ta yamma. Ƙidayar 1963 ta ba shi mutum fiye da miliyan 4, daga cikin kusan miliyan 30 na Jihar Arewa. En'e ta Sakkwato kaɗai tana da gundumomi fiye da 40, tun daga iyakar Gobir har zuwa Gusau da Tsafe. Tambuwal da Kebbe suna cikin waɗanda ke kusurwar kudu maso yamma, kuma tsakanin Tambuwal da birnin Sakkwato akwai kimanin mil 60.

TSANIN MULKI

Manomin da ke Jabo ko Sanyinna ko Kuchi bai san Razdan ba, sau da yawa ma bai taɓa ganinsa ba. Wanda ya sani shi ne mai unguwa. Sama da mai unguwa akwai dagaci, sama da dagaci akwai hakimi, shi kuwa hakimi yana amsa umarni daga majalisar Sarkin Musulmi. A duk tsawon Jamhuriya ta Farko, Sarkin Musulmi Abubakar na uku ne a kan gado, wanda ya hau a 1938 ya kuma rasu a 1988. Wazirinsa shi ne Malam Junaidu, wanda ya riƙi wannan muƙami tun 1948.

En'e gwamnati ce sosai, ba sarauta kawai ba. Tana da Baitulmali da Ma'aji. Tana da kotunan alƙalai, da 'yan doka, da gidan yari. Ita ke gina makarantun elemantare, da ɗakunan shan magani, da rijiyoyi, da hanyoyin rani. Ita ke kula da gandun daji da lafiyar dabbobi. Dokar En'e ta 1954 ce ta tsara ayyukanta, ta kuma tabbatar da cewa Sarki zai yi mulki ne tare da majalisarsa, ba shi kaɗai ba.

Abin da ke tafiyar da wannan injin duka shi ne haraji da jangali. Da damina malaman hakimi ke bin ƙauyuka suna rubuta sunan duk namijin da ya isa biya, a lokacin ne kuma ake bin rugage ana ƙirga shanu don jangali. In kaka ta yi, an cire gyaɗa da auduga, an ɗaure dammunan gero da dawa, sai dagatai su fara karɓa. Kowa ya biya a ba shi rasit, kuma wannan 'yar takarda ita ce shaidar matafiyi a duk inda ya sauka. Kuɗin sukan bi tsanin nan su hau, daga dagaci zuwa hakimi, daga hakimi zuwa Baitulmali a Sakkwato. Kaso mafi yawa yakan tsaya a hannun En'e, a aika wa Gwamnatin Jiha da nata rabo.

Wannan tsari yana da amfani ɗaya da ya kamata ɗalibin sha'anin mulki ya lura da shi. Albashin hakimi da na alƙali da na malamin makaranta daga aljihun manomi yake fitowa kai tsaye. In fari ya faɗa wa gunduma, ko jama'a suka gudu saboda zalunci, lissafin haraji zai nuna, kuma za a tambayi hakimi dalili. Akwai Di'o da ke fita rangadi yana binciken littattafan kuɗi, yana sauraron koke-koke.

Amma kuma ba daidai ba ne a tuna da amfanin a manta da illar. Hukumar da ke karɓar haraji ita ke da 'yan doka, ita ke da alƙali, ita ke da kurkuku. Talakan da ya yi ƙarar dagaci, sau da yawa gaban ubangidan dagacin zai kai ta. Wanda ya kasa biya yakan sayar da akuyarsa ko hatsin da zai ci da damina, wani kuwa ya tafi cin rani ba don yana so ba. Hatta manya ba su tsira daga kaifin wannan tsari ba. Shi kansa Ahmadu Bello, wanda ya zama Hakimin Rabah a 1934 kuma aka naɗa shi Sardauna a 1938, an taɓa tuhumarsa a kan kuɗin jangali a farkon shekarun 1940 sa'ad da yake aiki a Gusau, sai da ya ɗaukaka ƙara sa'an nan aka wanke shi.

KADUNA TA MIƘO HANNU

Jihar Arewa ta sami mulkin kanta ran 15 ga watan Maris, 1959, shekara 56 daidai bayan faɗuwar Sakkwato. Daga nan tambaya ta taso: tun da Turawa za su tafi, wa zai gaji kujerar Razdan? Razdan shi ne idon Gwamna a lardi, shi ke ba sarakuna shawarar da ba a ƙi. Idan aka bar kujerar ga ma'aikacin gwamnati ɗan ƙasa, wanda watakila ɗan talaka ne da ya yi karatu, shin zai iya tsayawa gaban babban sarki ya ce masa a'a?

Amsar da gwamnatin Sardauna ta bayar ita ce Dokar Mulkin Larduna ta 1962. Aka soke muƙamin Razdan. A madadinsa aka naɗa Kwamishinan Lardi, ɗan siyasa mai darajar minista, wanda ke amsa wa Firimiya kai tsaye, aka kuma ba shi Sakataren Lardi don ya kula da ma'aikata da takardu. Watau lardi ya tashi daga zama ofishin Bature, ya koma hannun jam'iyya mai mulki. A wannan shekara ce kuma Sir Kashim Ibrahim ya zama Gwamnan Jihar Arewa, ɗan ƙasa na farko a wannan kujera.

Ba a daɗe ba aka ga inda ƙarfi ya koma. A 1963, bayan binciken da Mista Muffett ya yi a kan kuɗin En'e ta Kano, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi murabus ya koma Azare. Duk wani sarki da hakimi a Arewa ya fahimci saƙon. A Sakkwato kuwa al'amarin yana da wani sarƙaƙiya na daban, domin Firimiyan da kansa ɗan gidan sarautar ne, tattaɓa-kunnen Sarkin Musulmi Bello, kuma ɗan majalisar En'e ta Sakkwato tun kafin ya shiga siyasa. A Kaduna shi ne shugaban gwamnati, a gida kuwa Sardauna ne na Sarkin Musulmi.

Ta fuskar shari'a ma Kaduna ta shigo. Kundin hukunta laifuffuka da aka zartar a 1959 ya fara aiki a 1960, ya zama shi alƙalai za su bi a shari'ar laifi. Aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, kuma daga 1962 zuwa 1967 Alƙalin Alƙalan Arewa shi ne Malam Abubakar Mahmud Gumi, haifaffen Gummi, maƙwabciyar Kebbe.

SIYASA A KARKARA

Lardin Sakkwato gidan jam'iyyar N.P.C. ne. Jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta fi samun magoya baya a garuruwan ciniki na gabas, kamar Gusau da Kauran Namoda, inda jirgin ƙasa ya isa tun 1929, inda kuma baƙi da 'yan kasuwa da masu sana'a suka yi yawa. A gundumomin da ke kusa da cibiyar daula, inda hakimi jinin Shehu ne ko jinin almajiransa, fita daga layin N.P.C. abu ne mai wuya. Mai son yin lacca sai ya nemi izini daga En'e, kuma En'e ɗin da jam'iyya mai mulki kusan abu ɗaya ne. 'Yan adawa da yawa a Arewa sun sha ɗauri a kotunan alƙalai a kan laifin taro ba izini ko zagin manya.

Zaɓen tarayya guda ɗaya tak aka yi a Jamhuriya ta Farko, ran 30 ga watan Disamba, 1964. Ƙawancen adawa ya ƙaurace masa a wurare da yawa, N.P.C. kuwa ta tashi da kujeru 162 daga cikin 312. Wani abin da ɗalibai kan manta shi ne, babu mace ko ɗaya a Tambuwal ko Kebbe da ta jefa ƙuri'a a wannan zaɓe, domin matan Arewa ba su sami wannan dama ba sai a 1976.

Ɗan siyasar da ya fi fice daga wannan ɓangare na lardin shi ne Alhaji Shehu Shagari, malamin makaranta daga garin Shagari, wanda ya shiga Majalisar Wakilai a Ikko a 1954, aka naɗa shi Turakin Sakkwato a 1962. Ya riƙi ma'aikatu da dama a gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma shi ne Ministan Ayyuka lokacin da soja suka karɓi mulki.

Ta wajen raya ƙasa, manyan ayyukan wannan zamani a birane suka tsaya. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962. A shekarar ce aka kafa kamfanin siminti na Kalambaina, wanda bai fara aiki ba sai 1967. Yaron ƙauye da ya gama elemantare, in yana da rabo, sai ya bar gida ya tafi Sakkwato ko Birnin Kebbi neman na gaba, kuma waɗanda suka sami wannan rabo kaɗan ne ƙwarai. Lardin yana cikin na baya a ilmin zamani a duk Nijeriya. Wannan ne ya sa bayan juyin mulki Shagari ya koma gida ya zama sakataren asusun raya ilmi na lardin, wanda ya tara kuɗi daga jama'a ya gina makarantu da dama.

RUSHEWA

Da asubahin 15 ga watan Janairu, 1966, sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Nzeogwu suka kashe Sardauna a gidansa a Kaduna tare da uwargidansa Hafsatu. A Ikko aka ɗauke Firayim Minista aka kashe shi. Kwamishinonin larduna suka tafi tare da gwamnatin da ta naɗa su, Manjo Hassan Usman Katsina ya zama Gwamnan Soja.

Abin mamaki, a watannin da suka biyo baya sai sunan lardi ya ƙara fitowa. Doka mai lamba 34 da Janar Aguiyi-Ironsi ya kafa ran 24 ga watan Mayu, 1966, ta soke jihohi, ta mai da Arewa rukunin larduna kawai ƙarƙashin gwamnati ɗaya a Ikko. Mutanen Arewa suka ga wannan a matsayin hanyar ƙwace musu aikin gwamnati. Tarzoma ta tashi a garuruwa da dama, aka yi asarar rayuka masu yawa, akasari na 'yan Gabas mazauna Arewa. Ran 29 ga watan Yuli aka yi juyin mulki na biyu, Laftanar Kanar Yakubu Gowon ya hau, ya maido da tsarin tarayya.

Ran 27 ga watan Mayu, 1967, Gowon ya raba ƙasa jiha 12. Aka haɗa Lardin Sakkwato da Lardin Neja suka zama Jihar Arewa Maso Yamma, hedkwata a Sakkwato, Alhaji Usman Faruk na rundunar 'yan sanda ya zama Gwamna. Daga 1968 aka fara zare wa En'e haƙoranta ɗaya bayan ɗaya. Kotunan alƙalai suka koma hannun gwamnatin jiha, 'yan doka aka narkar da su cikin 'yan sandan Nijeriya, gidajen yari suka koma na Tarayya. Abin da zaɓaɓɓiyar gwamnati ta yi ta lallaɓawa shekara da shekaru, soja suka gama shi da 'yan layuka a takarda.

Ran 3 ga watan Fabrairu, 1976, Janar Murtala Muhammed ya raba jihar biyu. Sabuwar Jihar Sakkwato kusan tsohon lardin ce, sai dai an ƙara mata ƙasar Zuru daga Lardin Neja. Gyaran ƙananan hukumomi na wannan shekara ya kawo ƙarshen En'e ɗungum, ya bar sarakuna da ba da shawara. Tambuwal da Kebbe ba su sami tasu ƙaramar hukuma a wancan karo ba, sai a ƙare-ƙaren da gwamnatocin soja suka yi daga baya. Sa'an nan aka cire Jihar Kebbi ran 27 ga watan Agusta, 1991, aka cire Zamfara ran 1 ga watan Oktoba, 1996.

ABIN DA YA RAGE

Ƙasar da Kwamishina ɗaya da En'e huɗu suka riƙe, yau gwamnoni uku ne a kanta. Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23, Kebbi 21, Zamfara 14. In aka cire huɗu na ƙasar Zuru, saura 54 duk daga cikin tsohon lardi suka fito. Tambuwal da Kebbe sun zama mazaɓa ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Wanda ya wakilce ta daga 2003 zuwa 2015, Alhaji Aminu Waziri Tambuwal, ya zama Kakakin Majalisa a 2011, ya kuma yi Gwamnan Sakkwato daga 2015 zuwa 2023. An haife shi ran 10 ga watan Janairu, 1966, kwana biyar kafin faɗuwar Jamhuriya ta Farko.

Babu shakka gwamnati ta matso kusa. Mutumin Kuchi ba sai ya yi kwanaki a hanya ba kafin ya ga ofishin hukuma, ba a kuma ɗaure shi don ya halarci lacca. Mata na zaɓe, makarantun sakandare sun shigo karkara. Wanda ya ce jiya ta fi yau ta kowace fuska, bai tambayi wanda ya sayar da akuyarsa don haraji ba.

Sai dai akwai abu biyu da aka yar a hanya. Na farko shi ne igiyar da ta ɗaure mai mulki da mai biya. Ƙaramar hukumar yau ba da gumin manominta take rayuwa ba, da kason wata-wata daga Asusun Tarayya take rayuwa, saboda haka idonta yana kan sama, ba ƙasa ba. Rigimar wa zai riƙe wannan kaso ta kai har Kotun Ƙoli, wadda ran 11 ga watan Yuli, 2024, ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Wannan ita ce tsohuwar kokawar En'e da Kaduna, ta dawo da sabuwar riga.

Na biyu shi ne ido ɗaya a kan ƙasa ɗaya. Dajin da ke tsakanin Kebbe da Gummi da ƙasar Gwandu bai san iyakar jiha ba, haka ma burtalin shanu, haka ma ɓarawon da ke bin sa. A da, hakiman waɗannan wurare a lardi ɗaya suke, rahotonsu a teburi ɗaya yake haɗuwa. A 'yan shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi karkarar Zamfara da Sakkwato da Kebbi, ƙauyen da ke bakin iyaka sai ya jira jihohi biyu ko uku su yi shawara kafin a kawo masa ɗauki.

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Babu mai neman a maido da Razdan ko 'yan doka. Amma ma'aikacin da ke zaune a sakatariyar Tambuwal ko ta Kebbe, da ɗalibin da ke shirin gadonsa, ya kamata su san cewa kujerar nan tana da tarihi, kuma tambayoyi biyun da aka bari ba amsa a 1966 suna nan suna jira: wa ke biyan mai mulki, kuma wa zai tambaye shi in ya gaza?